Abin da muke tonowa daga sheƙa a Gaya

A Gaya muka tashi, inda damina ta fi ko'ina albarka a Nijar, kuma inda aka samu ruwa da inuwa ba a rasa ƙwari. Muna yara, kiwon tattabaru ne sana'armu. Duk wanda ya taɓa share tukunyar tattabara ya san wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, masu sulɓi da sheƙi, da ke ɓuya cikin ciyawar sheƙa, kamar irin kuɓewa amma ba su kai shi girma ba. Mu dai ƙwan ƙwaro muke ce musu, mu murƙushe da farce mu wuce.

Wani dattijo, ma'aikacin kula da dabbobi da ke zagayen rugagen Fulani wajen Dallol Mawri, shi ya fara ce mana ba ƙwai ba ne, ƙwanso ne da tsutsa ke rufe kanta ciki kafin ta zama ƙuda. Na sheƙar tattabara, in ji shi, na wannan shafaffen ƙudan ne da ke kutsawa cikin gashinta yana shan jini, ka kai masa hannu ya zille a karkace. Uwar ƙudan ba ta yin ƙwai. Cikinta tsutsar ke girma, tana haifarta sai ta taurare, bayan kamar sati uku ƙuda ya fito.

Dabararsa ta bambanta ƙwanso ba ta da wuya. "Yara, ku dubi gindin abin," haka yake cewa. Na ƙudan gida ja-ja ne, dogo, bakinsa biyu a dunƙule. Na tsando kuwa yana da 'yan ƙulluttai biyu baƙaƙe a ƙarshe, ta nan yake shaƙar iska. Shi ne abin da dattijon ke nema da gaske, don tsando ke kawo wa shanu sammore. Yakan tona sassauƙar ƙasa ƙarƙashin kurmi a bakin Kwara, ya zura hannu kogon itace ya kwaso ruɓaɓɓen ganye ya tankaɗe. Macen tsando ma haihuwa take, ɗa guda duk kwana 9 ko 10, ɗan ya nutse ƙasa ya yi wajen wata. Ƙwaron da haihuwarsa ke tafiya a hankali haka, kashe kaɗan ma ragi ne babba.

Kogon da ya tara ruwan sama daban ne. A nan 'ya'yan sauro ne ke wutsil-wutsil, har da irin mai kawo shawara.

In gardama ta yi tsanani tsakaninmu kan ko ƙwanson na wane ƙwaro ne, sai a jefa ƙwanson cikin kwalba da ɗan yashi, a ɗaure bakin da tsumma, a ajiye a inuwa a jira. Har yau ban ga hujjar da ta fi wannan ba, kuma masana ma haka suke yi in siffa ta rikita su.

Farin 1973 da na 1984, da saran kurmi don noma, sun kori tsando daga wurare da dama, sai can wajen gandun dajin W ya fi samun mafaka. Ƙudan tattabara kam yana nan daram. Mai kiwo, in ka ga 'yan shila na ramewa, kwashe tsohuwar sheƙar ka ƙone ta kafin uwar ta sake kwanci.