Na shiga daji ranar Asabar, Inna ba ta sani ba

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Shekarata ɗaya da rabi a Ife ina digiri na biyu, amma in aka ce in zana taswirar rayuwata a nan, layi huɗu ya isa: ɗaki, laburare, masallaci, sai Sabo in an yi kewar tuwo. Na san da yawanmu haka muke. Tun ranar da zan taho Inna ta ja min kunne, don ba ta manta rikicin Sabo na watan Maris 2017 ba: ka yi karatunka, ban da yawo, ban da shiga abin da ba ruwanka.

To, makon jiya babi na huɗu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wani ɗan ajinmu, ɗan Ilesha, ya ga yadda na yi zuru a gaban kwamfuta, ya ce ranar Asabar za su je Erin-Ijesha hawan dutse, in zo. Na tambaye shi yaya wurin yake. Ya ce ruwa ne ke zubowa daga kan tsauni, hawa bakwai, a cikin daji.

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta tsaya min a wuya. Ni ɗan Zamfara ne. Muna yara daji wurin kiwo ne da tsinkar magarya da kanya, kuma da Sallah mukan haɗa kuɗin mota mu je mu hau dutsen Kwatarkwashi. Yanzu in ka ji an ce wane yana daji, sai dai a yi salati a fara lissafin abin da za a sayar. Kawuna ya yi kwana 41 a can. Gonarmu ta gado ce ta dawo da shi. Rabona da in taka daji da ƙafata don raɗin kaina, wallahi na manta.

Amma na ce zan je. Kunya ce ta sa, ba jarumta ba.

Mun tashi bayan asuba mu tara a bas, ni da abokin ɗakina ɗan Bauchi ne kawai 'yan Arewa. An wuce Ilesha, an ɗauki hanyar Akure, sannan aka ratse zuwa garin, a ƙaramar hukumar Oriade ta jihar Osun. Mutanen wurin Olumirin suke kiran ruwan. Kafin mu sauka, ɗan Ileshan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya: "Malam, katin makarantarka na jikinka? Kar ka yi gaba kai kaɗai, ka riƙa tafiya a tsakiyarmu." Na ce to, ban tsaya tunanin dalili ba.

Farkon hawan da sauƙi, akwai matakalar siminti, ga masu ɗaukar hoto, ga 'yan makaranta suna ta ihu a ƙarƙashin ruwa. Yawancin mutane a hawa na ɗaya da na biyu suke tsayawa, su jiƙa, su koma gida su ce sun hau dutse. Daga nan matakala ta ƙare. Sai duwatsu masu santsi, sai saiwoyin bishiya da za ka kama da hannu biyu ka ja jikinka sama. Takalmin da na sa na zuwa lakca ne, ƙasansa sumul, sau biyu ina zaman dole. Kuma dajin nan ba irin namu ba ne da kake hango mutum tun daga nesa. Da tsakar rana akwai duhu-duhu, iska na da danshi, gumi ba ya bushewa, in ka ɗaga kai ganye kawai kake gani.

A nan na fara ganin bishiyar goro. Ku duba abin kunya: na ci goro, na raba goron ɗaurin aure ba adadi, amma ban taɓa sanin a cikin wani koren kwanso mai gargada yake zaune ba. Koko kuma a jikin kututture yake fitowa, kamar an manna shi.

Mun wuce hawa na uku, na ɗan tsaya ɗaure igiyar takalmi, sai 'yan tafiyarmu suka sha kwana. Sai na ji motsi daga cikin ciyayi ta hagu, da muryoyin maza. Abin da na fara gani adda ce.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙafafuna suka mutu. Bakina ya bushe. Cikin daƙiƙa biyu na gama tuna lambar yayana, na gama tunanin me ya rage a gida da za a sayar. Mutum biyu ne suka fito, dattijo da saurayi, da wata tsohuwa a bayansu ɗauke da ayaba a ka. Manoma ne suna saukowa kasuwa, don a can ƙololuwa akwai ƙauye, Abake, wajen iyaka da jihar Ekiti. Hanyar da muke kira motsa jiki, su hanyar cefanensu ce.

Abin da ya hana ni barci shi ne, su ma sun tsaya cak. Dattijon ya dube ni daga hula har ƙasa: dogon Bahaushe, shi kaɗai, a tsakiyar daji. Na ga ya gyara riƙon addarsa. Sai a lokacin na gane maganar katin makaranta. Dajin Kudu ma ya ga nasa garkuwar, kuma kun san irin fuskar da ake zana wa mai laifin a nan.

Ɗan Yarabancin da na tsinta a Sabo ne ya fito da kansa. Na rusuna na ce "E ku ise, Baba." Tsohuwar ta fashe da dariya, ta nuna gwiwar wandona da ya yi kaca-kaca da laka tana "Pele, pele." Ɗan Ileshan ya dawo da gudu ya yi musu bayani. Ta ɓallo ayaba biyu ta miƙo min, na kawo kuɗi ta harare ni.

Ban kai hawa na bakwai ba, kar in yi muku ƙarya. A na huɗu gwiwa ta ce ta gaji. Ni da ɗan Bauchi muka yi alwala da ruwan da ya fi na randa sanyi, muka yi azahar a kan wani falalen dutse, ruwa na ta ruri har ba na jin kabbararsa. Bayan sallama na daɗe zaune, babu abin da nake saurare sai ruwan.

Mai son zuwa: a tafi da sassafe, a tafi cikin jama'a da wanda ya san hanya, a sa takalmi mai riƙe ƙasa, kuma in an kwana ana ruwa a haƙura da hawa na sama.

Daren Lahadi na kira Inna na faɗa mata gaskiya. Ta yi salati, ta yi faɗa son ranta, na yi shiru. Da ta huce sai ta ce, "Ka ce akwai gonaki a cikin dajin?" Na ce akwai. "Kuma suna zuwa su yi aikinsu, su koma gida da yamma?" Na ce eh, Inna. Ta yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke. Can ta ce in na sake zuwa in ɗauko mata hoton bishiyar goron.