Allura da Jiyya

A cikin birnin Zariya akwai wani maɗinkin riguna, mai aikin hannu, wanda ya yi shekara ashirin yana ɗinki a zaurensa. Wata rana da asuba matarsa ta tashi za ta yi alwala, sai ta faɗi. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce hawan jini ne ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka daina motsi, harshenta kuma ya yi nauyi. 'Ya'yansu mata duk sun yi aure a nesa, ba kowa a gidan sai ɗan autansu mai shekara tara.

Yayanta ya zo ya ce, "Malam, ka ba mu ita mu yi jiyya a gida, kai ka ji da sana'arka." Haka aka saba, ba kuwa wanda zai zarge shi in ya yarda. Maɗinkin ya dubi matar, ya ga ta kama bakin tabarma da hannun hagu ta riƙe tamau. Sai ya ce, "Yaya, a bar ta a ɗakinta."

To, daga ran nan ya kwashe kayan aikinsa daga zaure, ya koma ƙarƙashin rumfa, daidai ƙofar ɗakinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sana'a, domin a zaure a ke samun ciniki, baƙo kuwa ba ya shiga cikin gida. Wanda ya yi sallama sau biyu bai ji an amsa ba, sai ya wuce wurin wani.

Abin da ya fi damunsa shi ne haske. Ɗinkin hannu yana son hasken safiya, sa'ad da ido ke ganin zane sosai, kuma wannan lokacin ne jiyya ta fi ci. Sai ya yi mata wanka, ya sāke shimfiɗa, ya jingina ta zaune kafin ya ba ta koko, don an gargaɗe shi kada ya ba ta abinci tana kwance, sai ta ƙware. Sa'an nan ya ba ta ƙwayar hawan jini, wadda ba a fasawa ko da mutum ya ji sauƙi. Kāna ya bi gaɓoɓin da suka shanye yana miƙewa yana lanƙwasawa don kada su sandare. Kafin ya zura zare a allura, hantsi ya dubi ludayi. Bayan kowace awa biyu kuma sai ya tashi ya juya ta, gama wanda ya daɗe kwance a ɓari ɗaya, gyambo ya kan fito masa a ƙugu da dugadugai. Maƙwabciyarsu ce ke taimaka musu da tuwon dare, ita ma sai da aka yi ta fama da ita kafin ta yarda ta rage gishiri.

Ana saura wata biyu Babbar Salla, wani attajiri ya aiko masa da shadda da zaren tsamiya, yana son aska takwas, har ya haɗo da kuɗin kafin alƙalami. Ladan wannan riga ya isa ya sayi maganin watanni. Maɗinkin ya kwana uku yana lissafi. Ya ga aska takwas tana bukatar mutum ya wuni a sunkuye, hankalinsa wuri ɗaya, shi kuwa yanzu wuninsa gutsi-gutsi ne. Ran na huɗu ya ba yaronsa kayan da kuɗin ya mayar, ya ce a gaya wa Alhaji ya yi haƙuri. Abokan sana'arsa suka ce wauta ce. Amma da ya karɓa, ɗayan biyu ne: ko riga ta makara, ko mai jiyya ta yi gyambo.

Yanzu huluna ya ke ɗinkawa, da wuyan riga ƙanana, irin aikin da za a ajiye a koma a ɗauka ba tare da ya ɓaci ba. Kuɗinsu kaɗan ne, har ya sayar da kekensa. Ya ajiye mata kwano da cokali kusa da hannun hagu, in tana bukatarsa sai ta ƙwanƙwasa. Da ya ji, sai ya soke allura a jikin hula ya tashi.

A watan da ya wuce yana cikin ɗinki bai ji kwano ba, sai ya ji murya daga ɗaki, da ƙyar, ta ce, "Malam, ruwa." Ya ɗauki moɗa ya nufi randa.