Maraɗi: Katsinar da Ta Yi Arewa

Daga Ƙanƙara zuwa Maraɗi tafiyar yini guda ce, in mota ba ta yi gardama ba, hanya kuma ta yi lafiya. Ka bi ta 'Yantumaki ka faɗa Dutsin-Ma, ka wuce Kurfi ka shiga Katsina, ka sake mota zuwa Jibiya, sai iyaka a Magama. Wanda ya san sarautun ƙasar nan, tun a hanya zai fara karanta tarihin inda za shi. Hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yandakan Katsina, a Maraɗi ma akwai 'Yandaka, har da unguwa mai sunansa. Hakimin Kurfi kuwa shi ne Maraɗin Katsina, sarautar da asalinta ta mai riƙon wancan yanki na arewa ce, tun ƙasar Katsina tana ɗaya ba a tsaga ta ba.

Iyakar kanta ba ta da wani kwarjini: shinge, rumfuna, 'yan canji da damin kuɗi a hannu, sai jami'ai a inuwa. A Ɗan Isa wani jandarma ya karɓi takarduna ya juya su, ya ce, “Malam, daga ina?” Na ce Ƙanƙara. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, “Allah ya kawo muku sauƙi.” Tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta garinmu, sunan Ƙanƙara ba ya bukatar bayani a ko'ina.

Abin da ya fara cika mini ido shi ne faɗin sama. Mu mutanen kudancin Katsina mun saba da tudu da kwari, da duwatsu a bayan gari, da ƙasa mai nauyi da ke karɓar masara da auduga da dawa. Can kuwa jigawa ce shimfiɗe iyakar ganinka, rairayi fari-fari, ƙasar gero da wake. Ruwan da ke sauka a Maraɗi a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, wato kusan rabin abin da manomin Sabuwa ke samu har ya yi ƙorafi. Abin da ya rufa wa yankin asiri shi ne gulbi. Daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya inda aka datse shi, ya shiga Nijar ta wajen Madarunfa, ya yi gwiwa ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da rani babu ruwa a kansa, amma yana nan kusa a ƙarƙashin yashi, shi ya sa fadamar take kore shar a tsakiyar fari: mangwaro, tumatir, albasa, da zogalen Jiratawa da ake lodawa buhu-buhu.

Wannan fadama ce ta haifi garin. A da kurmi ce mai duhu, wadda mahayin doki ba ya shiga da garaje, kuma irin wurin da korarre ke nema ke nan. Da jihadi ya ci birnin Katsina a wajen 1807, Ummarun Dallaje ya hau, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. A Ɗankama aka sake cin su, Sarki Magajin Halidu ya rasu a can, suka naɗa Ɗan Kasawa. Ya yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, har zuwa wajen 1819 da mutanen gulbi suka tayar wa wakilin sabuwar gwamnati suka kira shi. Ya zauna Maraɗi, kuma bai taɓa kiran kansa sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina ne, yana jiran ranar komawa gida. Har yau mai wannan gadon Sarkin Katsina ake ce masa, majalisarsa da Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, daidai da namu na Rimi da Malumfashi da Dutsin-Ma da Mani. Gobirawa ma da suka rasa Alkalawa nan kusa suka kafa Tsibiri, bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar ƙawancensu a Gawakuke a 1836, inda Sarki Rauda na Maraɗi da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama. Garuruwan biyu tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu, kowanne da fadarsa da tamburansa.

A makaranta an koya mana wannan tarihi daga ɓangare ɗaya: Shehu ya yi nasara, Haɓe suka gudu, shi ke nan. A Maraɗi sai ka ji ɗaya ɓangaren, kuma ba sa faɗinsa da kunya. Wani dattijo da muka zauna da shi a bakin masallaci bayan la'asar, da ya ji inda na fito, sai ya yi murmushi ya ce, “Yaro, ai dawakinmu sun sha ruwa a ƙasarku.” Gaskiya ya faɗa. Shekara tamanin Maraɗawa suka yi suna kai hari kudu, musamman a zamanin Ɗan Baskore da ya yi sama da shekara ashirin yana sarauta daga wajen 1852, sannan Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarni. Har ƙasar Kano da Zazzau sun taɓa. Garuruwanmu na kudu da yammacin Katsina da aka kewaye da ganuwa, ko aka gina a gindin dutse, ba don ado aka yi ba.

Akwai wani abu a wannan tarihi da ya tsaya mini a rai. A wajen 1843 Sarki Ɗan Mari ya shigo ƙasar Ruma, garuruwa da dama suka bi shi, Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi. Garuruwa suka watse, daji ya cinye kufansu, kuma wannan dajin ne ya zama hanyar da mahara daga arewa ke bi su ɓullo kudu ba a gan su ba. Shi ne dajin Rugu. 'Yan bindigar yau ba su haɗa komai da Maraɗawan da ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Amma hanyar ita ce dai, daga Jibiya ta bi bayan Batsari da Safana da Ɗanmusa ta gangaro mana, kuma abin da ya sa ta yi amfani a wancan zamani shi ya sa take amfani yau: ƙasa ce mai faɗi da hukuma ba ta zaune a cikinta.

Maraɗin da Ɗan Kasawa ya sani ba ita baƙo zai tarar ba. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, Faransawa suka hau da shi kan tudu suka yanka filaye. Tituna miƙaƙƙu ne masu faɗi, kamar an ja su da igiyar magini, dogon yaro jere a gefe, rairayi yana cin tayar babur da zarar ka sauka daga kwalta. Babu ganuwa, babu lungunan da suka sa birnin Katsina ya zama birnin Katsina, babu abin da ya yi kama da hasumiyar Gobarau. Mai neman tsohon gini zai koma da hannu biyu. Sunayen unguwanni ne suka hau tudun tare da mutanensu: Bagalam, Limanci, 'Yandaka, Ɗan Gulbi, Mokoyo, Maraɗawa. Daga baya aka samu Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Tsoho. Ƙidayar 2012 ta ba garin mutum kimanin 267,000, kuma ko makaho ya san yanzu ya wuce haka nesa.

Shi ne babban birnin jihar Maraɗi, da gwamna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, amma ba ofis ke riƙe da shi ba. Kasuwa ce. Yamai tana can yamma, fiye da kilomita 600. Katsina kuwa ba ta kai kilomita 100 ba, Kano ma ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Saboda haka fuskar garin kudu take kallo. Gyaɗa ce ta fara yi masa arziki a zamanin Turawa da shekarun farko na mulkin kai, har fari na 1968 zuwa 1974 da cutar da ta biyo baya suka kashe nomanta. Amma kafin nan yaran kamfanonin Turawa da ke sayen gyaɗa a ƙauyuka sun riga sun zama iyayen gidan kansu. Su ne alhazan Maraɗi, waɗanda wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Dabararsu ba ɓoyayya ba ce. Duk abin da Najeriya ta hana shigowa da shi ko ta tsauwala wa haraji, taba sigari ne, atamfa ce, gwanjo ne, shinkafa ce, sai a sauke shi a tashar jirgin ruwan Kwatano, a hau da shi Maraɗi da takardu cikakku, a jibge a manyan ɗakunan ajiya. Daga nan zuwa ƙetare iyaka kuma, wannan aikin masu ƙananan motoci da babura ne da suka san hanyoyin daji. Shinkafar waje da muka ci a bukukuwan Ƙanƙara shekara da shekaru, da yawanta ta kwana a Maraɗi.

Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka a jikinsu yake sauka. Rufewar Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ta taɓa su, takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya fi taɓa su, har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Ga kuma rikicin Nijar da Benin da ya sa kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A babbar kasuwa na tsaya wajen wani mai sayar da robobi da bokitai, duk ƙirar Kano. Yana lissafi da dala, kowace dala sefa biyar, yana juyawa zuwa naira a ka ba tare da ya taɓa waya ba. Na tambaye shi kasuwa, ya ce, “Alhaji, kuɗinku ya faɗi, kayanku sun yi mana araha, amma ku kun daina iya sayen namu.” Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan bayani.

Halin mutanen garin ya haɗa abubuwan da a wajenmu ba a cika ganinsu wuri ɗaya ba. Gari ne na malamai da makarantun Islamiyya, Izala ta yi ƙarfi ƙwarai, har a Nuwamba 2000 aka yi tarzoma kan bikin nuna tufafi da aka shirya a Yamai, aka ƙona mashaya. Amma a fada har yanzu akwai sarautar Iya, 'yar gidan sarauta da al'ada ta ɗora wa shugabancin 'yan bori. Kokawa kuma abin alfahari ce a fili: Kantu, wanda ya fara cin takobin ƙasa a 1975, ɗan Maraɗi ne, filin kokawar garin sunansa yake ɗauke da shi. Da dare samari kan baje tabarma a ƙofar gida, butar shayi a kan gawayi, a yi ta zuba shi daga sama har ya yi kumfa, ana siyasar Yamai da ta Abuja da ilimi iri ɗaya. Sun san sunayen gwamnoninmu. Mu kuwa nawa ne a cikinmu za su iya faɗin jihohin Nijar takwas?

Abin da na fi so mutanenmu su je su gani yana bayan gari. Gonakinsu cike suke da itatuwa, gawo da kalgo da aduwa da sabara, a ƙasar da ruwanta bai kai namu ba. Ba dasa su aka yi ba. Na tsaya kan wani manomi yana sassabe: ya zo kan kututturen kalgo da ya yi toho goma sha, bai tumɓuke shi ba, bai sa masa wuta ba. Ya zaɓi biyu masu ƙarfi da suka miƙe, ya sare sauran da gatari, ya share ƙananan rassan na ƙasa, ya wuce na gaba. Saiwar tana nan da ranta tun da daɗewa, ita za ta yi sauran aikin. A wajen 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya fara tallata wannan hanya, yunwar 1984 ta sa manoma suka saurare shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo haka a jihohin Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin jajayen awakin nan ne da fatarsu ta yi suna har Turai. Mu da Allah ya ba daji, buhunan gawayi muke jerawa a bakin hanyar Funtuwa.

Tsaro kuwa, su ma abin ya iso su. Ana satar shanu da mutane a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji da ke bakin iyaka. Duk da haka, nan mutanenmu suka nufa da wuta ta yi wuta. Zuwa ƙarshen 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 40,000 da suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, yawancinsu mata da yara. Tun kafin a kafa musu matsugunai a irin su Garin Kaka da Cadakori, talakawan ƙauyuka ne suka buɗe musu gidaje da rumbuna. Jikokin waɗanda suka yi hijira daga Katsina shekara ɗari biyu da suka wuce, su ne masu masaukin na yanzu.

Maganar da ke bakin 'yan kasuwa ita ce jirgin ƙasa. A Fabrairu 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yin sa. A kudancin Najeriya an yi ta surutu cewa an kai kuɗin ƙasa wata ƙasa, alhali abin da ya shiga Nijar ɗan guntu ne a ƙarshen layin. Alhazan Maraɗi lissafinsu daban: in kaya za su iya tasowa daga tashar Legas su sauka a ƙofar gidansu, Kwatano da Lome sun rage daraja. Masu babura da ke bin daji da buhu biyu-biyu ba su da murna da shi. Layin dai ba zai bi ta Ƙanƙara ba. Mu sai mun kai kanmu Katsina tukuna, ta wannan hanya ta 'Yantumaki da direbobi ba sa yarda su bi bayan magariba.