Rokokin Hamada da Rediyon Ƙonni

Magidancin da ke murɗa akwatin rediyo da daddare a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, yana neman muryar Landan a gajeren zango, yana cin moriyar wani sashe na sararin sama da ido ba ya gani. Can sama da kilomita 100 akwai iska marar kauri wadda hasken rana ya cika da lantarki. Ita ke tare muryar ta maido da ita ƙasa. Balan-balan ba ya kaiwa wurin. Sai da aka sami roka, bayan yaƙin duniya na biyu, masana suka iya aika na'urori su auna shi kai tsaye.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibanmu ba shi ne, wani kaso na wannan aiki a Hamadar Sahara aka yi shi. Faransa ta kafa sansani a Hammaguir, cikin Aljeriya, inda ta riƙa harba rokar Véronique tun shekarun 1950. A watan Maris na 1959, Jacques Blamont ya sa aka saki tururin sodiyom daga rokar da almuru, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska sama. Sai gajimare mai ruwan ɗorawa ya bayyana. Ƙasansa ya yamutse kamar hayaƙin murhu, samansa kuwa ya bazu sumul. Da haka aka gane iyakar da iska ke daina cuɗanya, wajen kilomita 100. Dabara ce mai sauƙin bayani, wadda ko ɗan firamare zai fahimta.

Daga nan ne kuma aka harba kyanwar nan Félicette ranar 18 ga Oktoba 1963, ta dawo da rai. Aljeriya ta riga ta sami mulkin kai a 1962, amma yarjejeniyar Evian ta bar wa Faransa sansanin har 1967.

A aji, ana kawo labarin cikin tarihin Faransa kaɗai, Hamada kuwa a ɗauke ta fili marar mai shi. Wannan tauyewa ce. Malamin da zai karantar da shi da Hausa yana da taswira a bango: ya aza yatsa a Tawa, ya haura Agadas, ya ƙetare iyaka, ya karkata yamma har Hammaguir, yara su ga yashi ɗaya ne.