Wahalar Neman Ƙatuwar Kabewa a Cikin Garin Bauchi



A wajenmu kabewa ta miyar taushe ce. Turawa kuwa har gasar girmanta suke yi: a 2023 wani Ba'amurke, Travis Gienger, ya kai mai nauyin kilo 1,247 gasa a jihar Kalifoniya. Irin da suke shukawa, Atlantic Giant, Howard Dill ne ya inganta shi a ƙasar Kanada. Mu 'yan kaɗan daga Yelwa da Fadamar Mada da muka gwada abin a gidajenmu, ba wannan muke hange ba. Burinmu kabewa ɗaya da za ta rage mana cefanen kasuwar Muda Lawal, har maƙwabta su samu.

Da irin kabewar kasuwa muka fara, a farkon damina. Yaɗo ya cika tsakar gida, fure ya yi ta fitowa yana zubewa, ba ɗa ko ɗaya. Ashe furen namiji ne ke fara fitowa. Na mace shi ne mai ɗan ƙullutu a gindinsa. Da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, ga ƙudan zuma ba su da yawa a cikin gari. Dole mu tsinko namijin mu goga garinsa a cikin na macen da hannu.

Da 'ya'ya suka kama, sai wani ƙuda ya riƙa huda su tun suna ƙanana, su ruɓe da tsutsa a ciki. Mun tsirar da wasu ta hanyar rufe su da tsumma mara nauyi. Markar watan Agusta kuma ta ruɓar da duk wadda ke kwance a laka, sai wadda aka shimfiɗa wa yashi ko katako.

Abin da ya fi yi mana nauyi shi ne cire 'ya'ya. Mai son ƙatuwa, ɗa ɗaya zai bari a gindi, ya binne gaɓoɓin yaɗon da ƙasa da ruɓaɓɓen taki don su yi sabbin saiwoyi. Uwargida tana kallo ana tsinke abin miya, ta ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Gaskiyarta. Shi ya sa yanzu gindi biyu muke shukawa: ɗaya na tukunya, ɗaya na gwaji.

Sai akuyar maƙwabci, wadda a yini ɗaya take cinye aikin wata biyu. Muna roƙon 'yan uwa, a kafa darni tun kafin a shuka, kada kabewa ta ɓata zumunci.

Babbar da muka samu, sai da yara biyu suka kama kafin ta shiga baro. Gida huɗu suka ci taushe da ita, kuma mun shanya irinta mun adana. Mai buƙata ya yi magana kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.