Hotunan Challawa Suna Cikin Aljihu

Hazo bai gama tashi ba muka isa bakin madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, bayan mun yi asubanci daga Kano ta hanyar Gwarzo, tafiyar kilomita 90 ko kusa da haka. Sanyin hunturu ya sa kowa ya dunƙule cikin rigarsa. Ruwan kuwa ya shimfiɗe har inda ido ya gaza, ba ka rarrabe ƙarshensa da farkon sama. Can sai ga kwale-kwale uku sun ɓullo daga cikin hazon, balbelu na binsu a baya kamar masu bin bashi.

Kamfanin Julius Berger ne ya gina madatsar tsakanin 1990 da 1992, bango mai tsawon kusan kilomita 8 da tsayin mita 42. Waɗannan alƙaluma suna cikin takardu. Abin da babu a takarda shi ne wanda wani dattijo ya nuna mini da bakin filafilinsa: wai daidai inda wani zalɓe ke tsaye, nan gonar mahaifinsa take, da ɗorawa biyu a gefenta. Ruwa ya ci gonar, shi kuma ya koyi cin ruwan. Yanzu karfasa da tarwaɗa ne amfanin gonarsa.

Na ɗaga kyamara zan ɗauke shi, sai ya tsaya da jan koma.

"Malam, hoton na gwamnati ne?"

Na ce, "A'a Baba, nawa ne."

"To ai sai ka ga na yaron nan, ya fi ka sanin lokacin ɗauka."

Jikansa ne, bai wuce shekara 17 ba, da wata Tecno mai fasasshen gilashi. Na karɓa ina murmushin ɗan birni, na mayar masa jikina a sanyaye. Ya ɗauki fitowar rana daga tsakiyar ruwa, inda ni ba zan taɓa kaiwa ba. Ya ɗauki hadarin farkon damina yana haɗowa daga gabas, shamuwa na shawagi a ƙarƙashinsa. Akwai kuma wani guntun bidiyo na Fulani suna shayar da shanu da almuru, ƙura ta tashi ta yi ja wur, ba kiɗa ba magana, sai haushin kare daga nesa. Na ga finafinan Kano da yawa da aka je bakin ruwa don a yi rawa da waƙa, ruwan ya zama labule kawai. A wayar yaron nan, ruwan ne jarumin fim.

Daga nan muka wuce Kusalla, amma ba mu daɗe ba. Nan ne sansanin horar da masu bautar ƙasa na Jihar Kano, kuma duk zangon da aka yi, dubban hotunan Ƙaraye ne ke tafiya Legas da Inugu da Fatakwal a wayoyin 'yan bautar ƙasa. Sai dai fuskokinsu ne suka cika hoton, garin yana leƙowa ta bayan kafaɗa.

Rogo ta fi kama ni. Tun dokar masarautu ta 2024 ita da Ƙaraye ne suka rage a ƙarƙashin Sarkin Ƙaraye, amma ƙamshinta daban. Ƙasar rake ce, tana maƙwabtaka da Kaduna da Katsina, kuma da rani hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ne ke yi maka sannu da zuwa. Na daɗe tsaye ina kallon yadda ruwan rake ke tafarfasa, daga kore ya koma ruwan zuma, mai juyawa yana ɗiga shi a ruwan sanyi don ya gane ko ya nuna. Wannan ido, wanda ke gane nunar mazarƙwaila ta launi kaɗai, idon mai ɗaukar hoto ne, ko da bai taɓa riƙe kyamara ba. (Na sayi ƙulli biyu don tsaraba, ɗaya bai kai Kano ba.)

Kallon fim a fili ba baƙon abu ba ne a karkarar Hausa. Tsofaffi suna tuna majigi, motar gwamnati da ke kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna irin su Baban Larai don koyar da noman zamani. Wancan daga sama aka sauko da shi, aka ce wa manomi ga yadda za ka yi. Yau a birnin Kano ana yin bikin KILAF na finafinan harsunan Afirka, amma masunci daga garin Turawa ko mafarauci daga garin Zarewa ba shi da kujera a zauren. Ni a ganina farin ƙyallen nan ne ya kamata ya dawo ƙofar fadar Ƙaraye bayan an gama girbi, wannan karon manomin ne zai kawo fim ɗin.

Da daddare a wani gidan kallo a Rogo na ga ɗan samfurinsa. Saura rabin awa a fara ƙwallo, sai wani saurayi ya roƙi mai gidan ya jona wayarsa da talabijin. Fitar farauta ce ta bara: gangi na tashi, karnuka na ja, mutane sun yi sahu cikin ciyawar da ta bushe. Ɗakin ya kaure, kowa yana kiran sunan wanda ya gane, wani yana rantsuwa cewa zomon nan karensa ne ya fara cafke shi. Da alƙalin wasa ya hura usur a can Ingila, sai da aka yi 'yar gardama kafin a yarda a cire wayar.