Aure Kafin Golmo

A al'adar Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Sai ya shiga golmo, wato ya haɗu da tsararrakinsa su riƙa noma gonar surukai damina bayan damina, har shekara bakwai a tsarin da, kafin dattawa su yarda ya isa a ba shi 'ya. A nan ake bambance mai haƙuri da rago, kuma da yawa na ganin daga nan ne juriyar da ta sa 'ya'yan Zuru suka yi suna a aikin soja ta samo asali, tun daga kuratan da ba a san sunansu ba har zuwa Janar Ishaya Bamaiyi da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya ajiye kaki ya hau gadon sarautar Zuru. Tun da aka yi zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, 2023 nake auna wannan al'ada da siyasarmu, sai na ga mun juya lamarin: a siyasa aure ake fara ɗaurawa, sannan a zauna jiran ango ya zo gona.

Alƙaluman zaɓen sun isa su sa kowane ango ya yi tafiya a hankali. Bola Ahmed Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi uku cikin huɗu ba su fito ba. Waɗanda suka fito ɗin ma, kusan biyu cikin uku wani suka zaɓa daban. A jiharmu ta Kebbi, Atiku ne ya zo na ɗaya. Doka ta ba wanda ya ci kujerarsa, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa a ranar 26 ga Oktoba, kuma ban da ja a kan haka. Sai dai hukuncin kotu shari'a yake rufewa, ba ya shiga zauren gida ya sasanta wa da ƙane.

Gidanmu irin gidajen Zuru ne da yawa. Mahaifina Musulmi ne, yayarsa, wadda muke kira Gwaggo, Kirista ce mai jagorantar zumuntar mata a majami'arsu, kakanmu kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai bar addinin iyayensa ba. Mun tashi muna kai naman layya gidan Gwaggo, ranar Kirsimeti kuma 'ya'yanta su shigo da kwanukan shinkafa, kuma kazar da aka dafa mahaifina ne ya yanka ta tun jajibere domin kowa ya ci ba tare da shakka ba. Ba mu taɓa sa wa wannan suna ba. Sai da na je jami'a na ji ana shirya taruka a kansa, ana kiransa zaman tare.

Tikitin Musulmi da Musulmi ne ya fara tsaga wannan tabarma. Mahaifina yana ganin cancanta ce abin dubawa, Gwaggo kuwa ta ce masa a gabana: “Ƙanena, ba Musulmi nake ƙi ba, ai nono ɗaya muka sha da kai. Amma idan ana rabon tuwo aka tsallake ka, ko ba ka jin yunwa sai ka ji ciwo.” Ya ce, “Yaya, tuwon nan ba mu za a ba ba, ko da wa aka ɗauka.” Kowannensu yana da gaskiyarsa, shi ya sa gardamar ta ƙi mutuwa. Wayoyi suka ƙara mata itace. Saƙonnin murya na masu wa'azi daga ɓangarorin biyu suka cika zauren WhatsApp na dangi, har wasu suka fice. Bayan an bayyana sakamako a ranar 1 ga Maris, an shafe makonni gaisuwa ce kawai ke haɗa gidajen biyu, ita ma a tsaye.

Abin da ya sake zaunar da su a tabarma ɗaya ba jawabin wani shugaba ba ne. Wani ɗan baffansu ne ya iso da iyalinsa daga wani ƙauye a Danko/Wasagu, da ƙullin kaya a ka, bayan 'yan bindiga sun kora musu shanun huɗa. Mutum goma sha ɗaya ba sa shiga gida ɗaya, dole aka raba su: mata da ƙananan yara gidan Gwaggo, maza gidanmu. A lissafin kwanon masara da kuɗin magani aka manta da wa ya zaɓi wa. Ba na kiran wannan waraka, domin wuya ce ta haɗa su, kuma ba na yi wa ƙasata fatan haɗin kan da sai an yi gudun hijira ake samunsa. Amma ya nuna mini inda ciwon yake. Masarautar Zuru ta binne 'yan sa-kai sama da sittin a watan Maris na 2022, bayan kwanton ɓaunar da aka yi musu a yankin Sakaba, kuma a cikinsu akwai masu salla, akwai masu zuwa coci. Maƙwabtanmu na Birnin Yauri sun ga an kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya a watan Yuni na 2021, wasu 'yan matan sai da suka kusa shekara biyu a daji. Wanda ya ga haka, idan aka ce masa a haɗa kai, tambayarsa ta farko ita ce ko zai iya kwana a gidansa.

Ƙasar nan ta san yadda ake furta kalmar sulhu. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya rufe yaƙin basasa da cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, bayan shekara uku kuma ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima. Albarkacin wannan shiri na yi shekara guda ina koyarwa a Jihar Ebonyi, inda mai gidan da na zauna ta yi mamakin jin cewa akwai ɗan Arewa wanda Hausa ba harshen kakansa ba ce, kuma gwaggonsa na rera waƙar coci. A 2015 Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, kiran da ya hana jini zuba. Waɗannan duka abin yabo ne. Abin da muke gazawa a kai shi ne aikin da ke biyo bayan kalmar, irin wanda ake yi da garma, ba mai tafi, ba mai ɗaukar hoto.

Saboda haka fatana ga shugaban da aka rantsar ranar 29 ga Mayu, 2023 ba ya da ado. Ya ɗauka cewa yanzu golmonsa ya fara, kuma gonar da zai noma ba ta waɗanda suka zaɓe shi kaɗai ba ce. Akwai kunyar Gwaggo a ciki, wadda ke son ganin rabon muƙamai da bai tsallake kowa ba. Akwai ta ɗan acaɓan da ya wayi gari litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 bayan cire tallafi, yana jiran ya ga inda kuɗin ya shiga. Akwai ta matashin da ya daina yarda da ƙuri'a saboda ba a ɗora sakamakon rumfuna a intanet kan lokaci ba kamar yadda aka alkawarta, wanda ba zai dawo layi a 2027 ba sai ya ga an gyara.

Golmo kuma ba a yinsa mutum ɗaya, tsara ce ke fita tare. Mu da muka yi karatu, mu ne muka fi kowa tura saƙonnin da suka raba iyayenmu, mu ne kuma ke iya tsayar da su. A unguwarmu mun fara da ƙaramin abu: duk yammacin Asabar muna tara yaran da suka yi gudun hijira muna koya musu karatu da lissafi, wani mako a harabar makarantar Islamiyya, wani mako a ajin majami'a. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru na koyar da ɗalibai ilimin noma, kuma ina so in ga ranar da za su sami gonakin da za su shiga ba tare da rakiyar bindiga ba, a yi girbi, a yi bikin Uhola da rumbuna cike.

Baffan da ya sauka a gidanmu bai san yawan ƙuri'ar kowa ba. Ya rataye zangarniyar dawa shida a rufin ɗakin da yake kwana, irin da ya tsira da shi ke nan, ya hana yara taɓawa ko da yunwa ta matsa. Duk ranar kasuwa sai ya aike ni tasha in tambayi direbobin Ribah yadda hanya take, domin yana so ya yi sharar gona kafin ruwan fari.